El, hanki da sarƙar safiyo: yaya ake mayar da awon tufa zuwa awon ƙasa?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na tarihin tattalin arzikin Turai ya ba mu aiki a kan irin awon da ake gani a tsofaffin takardun gonaki na Sikotlan a ƙarni na 18. Gona ce, tsawonta el 120, faɗinta el 48, aka ce mu mayar da ita sarƙar safiyo, sannan mu faɗi eka nawa ce. Na sa a manhajar canza awo, ta ce el ɗaya inci 45 ne, na bi lissafi na samu eka 1.86. Ƙawata ta yi da wata manhajar daban ta samu eka 0.67. Abin da ya fi ɗaure mini kai, littafin da muke karantawa cewa ya yi el awon tufa ne. To me ya kai shi gona kuma? Don Allah mai sani ya taimaka.

Ɗan Zamani: Wa alaikumus salam. Ki mayar da komai mita ki huta. El ɗaya mita 1.143, sarƙa ɗaya mita 20.1168. Ki raba, magana ta ƙare.

Safiyo Mai Ritaya: Ɗana, ba a nan gizo ke saƙar ba. Mita 1.143 da ka kawo el ɗin Ingila ne, mai inci 45. Wanda ƙawarta ta samu na Filandas ne, wani yanki a Beljiyam ta yau, mai inci 27, da shi 'yan kasuwar Ingila suke lissafin kayan da ake shigo da su daga can. Ita kuwa takardarta ta Sikotlan ce, kuma el ɗinsu inci 37 ne, majalisarsu ta tabbatar da shi a 1661. Duka amsoshin biyu lissafinsu daidai ne, sandar awon ce ba ta gonar ba.

'Yata, ga yadda mutanen Sikotlan suka jera nasu. El 6 shi ne fal ɗaya. Fal 4, wato el 24, shi ne sarƙarsu, ƙafa 74 ke nan. Fal 40 falon ɗaya, fal 320 mil ɗaya. Yanzu ki duba gonarki: el 120 sarƙa 5 ce cif, el 48 sarƙa 2 ce cif. Biyar sau biyu goma, kuma murabba'in sarƙa goma shi ne eka. Malaminku eka ɗaya ta Sikotlan ya ba ku, ba ƙari ba ragi. Duk lokacin da kika ga lamba ta fito sumul haka, to kin kama sandar da mai takardar ya yi awo da ita.

Ɗalibar Tarihi: Allah ya saka da alheri Baba. To amma in na rubuta "eka ɗaya" ai za a ɗauka ekar da aka sani ce.

Safiyo Mai Ritaya: Shi ya sa ba za ki tsaya nan ba. Sarƙar Ingila, wadda ake kira sarƙar Gunter, ƙafa 66 ce. El 120 sau inci 37 ya ba ki inci 4,440, ƙafa 370, sarƙar Gunter 5.61. El 48 ƙafa 148, sarƙa 2.24. Ki ninka ƙafa 370 da 148, za ki samu murabba'in ƙafa 54,760. Ekar Ingila murabba'in ƙafa 43,560 ce. Ki raba, za ki ga 1.26. A hekta kuwa wajen 0.51. Ki rubuta duka biyun, ki faɗi wacce ce wacce.

Batun me ya kai el gona, a Sikotlan ba su raba sandar masaƙi da ta mai awon ƙasa ba. Sanda ɗaya ce. Har yau a garin Dunkeld akwai ƙarfen el manne a bangon wani gida a dandalin gari, wanda a da ake gwada tsawon tufa da shi. Yarjejeniyar haɗewa da Ingila ta 1707 ta ce awo ya zama ɗaya, amma mutane suka ci gaba da nasu har dokar awo ta 1824 ta zo, kuma bayanta ma ba a daina a rana ɗaya ba.

Malamin Lissafi: Ƙaramin gyara ranka ya daɗe. Da aka gwada ma'aunin el na Edinbara da incin Ingila, an same shi ya ɗan haura, 37.06. Ga aikin makaranta ba zai canza amsa ba, 1.257 ne zai koma 1.261, duk 1.26 ne. Amma a mil yana fitowa: el 1,920 da inci 37 ƙafa 5,920 ne, da 37.06 kuma kusan 5,930.

Safiyo Mai Ritaya: Haka ne Malam. Ƙafa goma a mil ba abin rainawa ba ne ga mai kafa dutsen iyaka.

Hajiya Mai Ɗinki: Ni dai na shigo ne saboda na ga an ambaci yadi. Inci 45 ɗin nan ai yadi da kwata ne. Inci 27 kuma kwata uku. Ashe ba wasu baƙin lambobi ba ne, kwata-kwata ne kawai ake ƙirgawa. Mu masu almakashi haka muke tunani: yadi, rabi, kwata, rabin kwata. Ka ninke tufa biyu ka samu rabi, ka sake ninkewa ka samu kwata, ba ka bukatar biro. Amma inci 37 ɗin ne ban gane ba. Wane mai hankali ne zai zaɓi lambar da ba ta rabuwa biyu?

Mai Karance-karance: Hajiya kin taɓo wuri mai daɗi. A Ingila ma an daɗe ana sayar da tufa da ɗan ƙari a kan kowane yadi. Mai saye ya ɗora yadi, ya ƙara tafin hannu, ya sake ɗora yadi. Da abin ya yi yawa, a 1439 aka yi doka cewa a sayar da yadi da inci ɗaya, a daina yadi da cikin hannu. Yadi da inci ɗaya kuwa 37 ke nan. Mutane da yawa suna ganin irin wannan ƙarin na babban yatsa ne ya zauna a cikin el ɗin Sikotlan.

Ninkin da kika faɗa kuma shi ne ainihin tsarin awon tufa na Ingila. Rabin rabin kwata, wato kashi ɗaya cikin 16 na yadi, inci 2¼, suna kiransa nel. El ɗin Ingila nel 20 ne, na Filandas nel 12.

Hajiya Mai Ɗinki: To ashe cin kasuwa ne ya zama doka. Na gane yanzu.

Malamin Lissafi: Abin da Hajiya ta faɗa shi ne rabin amsar dalilin da ya sa awon biyu ba sa jituwa. Mai tufa yana rabawa biyu-biyu saboda hannu. Mai ƙasa kuma ninka tsawo da faɗi ne aikinsa, goma-goma ta fi masa sauƙi. Edmund Gunter a 1620 ya ɗauki sanda huɗu na awon ƙasa, kowace yadi 5½, ya haɗa su sarƙa ɗaya mai yadi 22, ya raba ta gaɓa 100. Kowace gaɓa ta zama inci 7.92, lamba mara kyan gani, amma dabarar tana wani wuri. Eka murabba'in gaɓa 100,000 ce. Safiyo ya auna gaɓa 561 da gaɓa 224, ya ninka, ya samu 125,664, ya matsa ɗigo gida biyar, eka 1.26 ta fito. Ba raba da 4,840, yawan murabba'in yadi a eka, ba komai. Gonar ɗalibarmu ce na yi misali da ita.

In kana son tsallakawa daga wannan gida zuwa wancan, inci ne gada. Sarƙa inci 792 ce. Raba da 45, el ɗin Ingila 17.6. Raba da 27, na Filandas 29⅓. Raba da 37, na Sikotlan 21.4. Falon ɗin Ingila, wato sarƙa 10, el ɗin Ingila 176 ne, mil ɗinsu kuma el 1,408.

Injiniyan Masaƙa: Ina biye da ku tun ɗazu. Ku kuna maganar tufa da aka riga aka saƙa, mu a ɗakin kaɗi tsawon da muke aunawa ya fi na safiyo nisa ma. Keken naɗa zaren auduga kewayensa inci 54 ne, yadi ɗaya da rabi. Ya juya sau 80, an samu liya ɗaya, yadi 120. Liya 7 hanki ɗaya, yadi 840. Hanki 18 sifindil ɗaya, yadi 15,120, sama da mil takwas da rabi ke nan. Kuma ba don a san nisa ake aunawa ba, don a san kaurin zare ne. In aka ce zare lamba 40, ana nufin hanki 40 ne suke cika laba ɗaya. Laba ɗaya ta irin wannan zaren yadi 33,600 ce, mil 19 da ɗoriya, abin da za ka riƙe a hannu ɗaya.

Tarkon da ya kama ɗalibar nan yana nan a wurinmu ma. Hankin auduga 840, na ulu mai tsefewa 560. Liyar auduga 120, ta lilin 300, domin kekensu inci 90 ne kuma sau 120 yake juyawa. Sifindil ɗin lilin da na zaren buhu, irin wanda aka san garin Dundi na Sikotlan da shi, yadi 14,400 ne. In manhaja ta ce maka "hanki" ba ta tambaye ka na wane zare ba, rufe ta.

Ɗan Zamani: Yallaɓai, da gaske akwai wanda zai zauna ya mayar da hanki zuwa sarƙa? Wa zai auna gona da zaren ɗinki?

Injiniyan Masaƙa: Babu. Amma manhajojin da kake yabo suna da shafin yin hakan, kuma suna zubo lamba mai gida goma bayan ɗigo kamar wani abin kirki. Hanki ɗaya sarƙa 38.1818181818. Mai karatu ya ga haka ya ɗauka daidaito ne.

Malamin Lissafi: Wannan 18 da ke ta maimaituwa ba banza ba ne, kuma nan ne ɗaya rabin amsar. Sarƙa yadi 22 ce, biyu sau 11. Falon 220, mil 1,760, eka 4,840, duk 11 na kwance a cikinsu, a eka ma sau biyu, domin 4,840 shi ne 40 sau 121. Lambobin masaƙa kuwa, 120, 300, 560, 840, an gina su da 2, 3, 5 da 7. Babu 11 ko ɗaya. Saboda haka duk rabon da ka yi sai ya bar saura. In kana so ya faɗo daidai, ɗauki goma sha ɗaya-goma sha ɗaya. Liyar auduga 11 sarƙa 60 ce. Liyar lilin 11 sarƙa 150. Hankin ulu 11 sarƙa 280, mil uku da rabi. Hankin auduga 11 sarƙa 420, mil biyar da kwata cif.

Injiniyan Masaƙa: Kai Malam! Duk zamana da 840 ban taɓa kallonta ta wannan fuskar ba. Zan gwada yaran da nake koyarwa da wannan.

Ɗalibar Tarihi: To ina 11 ɗin ta samo asali? Yadi 5½ ai ba lambar da mutum zai zauna ya ƙirƙira ba ce.

Safiyo Mai Ritaya: Saboda sandar ƙasa ta girmi yadin da aka auna ta da shi. Gonaki sun riga sun zauna, an san iyakarsu, an san harajinsu. Eka a asali doguwa ce, sanda 40 a tsawo, 4 a faɗi, gwargwadon kuyyar da shanu za su ja kafin a juya garma. Da sarakunan Ingila suka tsayar da yadin ƙarfe wajen ƙarshen ƙarni na 13, ba su taɓa gona ba, sai suka ce sanda yadi biyar da rabi ce. Haka aka yi da mil a 1593 zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko: maimakon a rage falon, aka ce mil falon 8 ne, ya koma ƙafa 5,280. Ana iya canza sandar ɗan kasuwa da sanarwa ɗaya. Ka taɓa iyakar gona ka gani.

Mai Karance-karance: Akwai masana tarihin awo da ke cewa tsohuwar ƙafa ta fi ta yanzu da kashi ɗaya cikin goma, inci 13.2, don haka sanda ƙafa 15 ce a da, da aka rage ƙafar ta koma 16½. In haka ne, 11 ɗin daga nan ta shigo.

Ɗan Zamani: Ra'ayi ne ko tabbas?

Mai Karance-karance: Ra'ayi ne, shi ya sa na ce "ke cewa". Lissafinsa dai ya zauna: 15 sau 13.2 inci 198 ne, daidai da sanda. Abin da yake a rubuce ba gardama shi ne yadi 5½ da kuma 40 sau 4.

Ƙanwata ɗaliba, tunda tarihi kike karanta, ki kula da shekarar takarda kamar yadda kike kula da ƙasarta. Magna Carta ta 1215, takardar 'yanci da sarkin Ingila ya amince da ita, sashe na 35, ta ce faɗin tufa ya zama ulna biyu tsakanin gefe da gefe. Masu fassara sukan rubuta el biyu, amma a Latin ɗin wancan zamani da wannan suna ake kiran yadi mai inci 36 ma, har a dokar sandar ƙasa da Baba ya ambata. In kika sa 45 a wurin, sandar gonar za ta kumbura ta kai kusan ƙafa 21. Sannan tsofaffin littattafan lissafi na Ingila suna koyar da cewa el ɗin Faransa kwata shida ne, inci 54, alhali el ɗin birnin Faris, wanda suke kira on, da masu tufa suke aiki da shi santimita 118.8 ne, ƙasa da inci 47. Wasu manhajoji 54 ɗin suka kwafa.

Safiyo Mai Ritaya: Ƙafa 21 da ka ambata ma sanda ce ta gaske, amma a Ayalan. Tasu yadi 7 ce, ekarsu murabba'in yadi 7,840.

Ɗan Zamani: Duk wannan ai hujjata kuke ƙarfafawa. Shi ya sa duniya ta koma mita. Tun 1959 an ce yadi mita 0.9144 ne, an rufe babi.

Safiyo Mai Ritaya: Babu mai jayayya da mita, ɗana. Sabon awo da mita za a yi shi. Amma tsohuwar takarda ba ta sake rubuta kanta don an yi taro a 1959. Kuma ko wannan babin bai rufu a ranar ba. Amurka ta karɓi sabon yadi don masana'antu, amma safiyoyinta suka riƙe tsohuwar ƙafarsu ta 1893, wadda take 1200 bisa 3937 na mita. Bambancin kashi biyu ne cikin miliyan, milimita uku a mil. Tela ba zai taɓa jin sa ba. Amma a lambobin taswira, inda ake lissafi da miliyoyin ƙafa daga tushe, kowace miliyan ɗaya tana kawo ƙafa biyu. Sai a ƙarshen 2022 suka yi wa wannan ƙafar ritaya. Yawancin layin dogo na Birtaniya har yanzu da mil da sarƙa ake lissafa shi.

Ɗan Zamani: Na ji ta takardu. Amma ni a ganina tarihi ne kawai, ba wanda zai yi asara a yau.

Lauya Mai Leƙe: Akwai. Je ka jihar Teksas ta Amurka. Filayen da aka raba zamanin Sifaniya da Meziko da bara aka auna su, sandar da Sifaniyawa suke auna tufa da ita kuma suke auna ƙasa, kuma har yau sunanta na cikin takardun mallaka a can. Ta Kastil a Sifaniya, wadda ake kira ta Burgos, santimita 83.59 ce, inci 32.9. Teksas ta tsayar da tata a inci 33⅓ da doka a 1919, yadda bara 36 za ta zama ƙafa 100, sarƙar Gunter kuma bara 23.76. Bambancin bai kai rabin inci ba. Amma babban rabon fili na lokacin, lig, bara 5,000 ne kowane gefe. Da ta Teksas eka 4,428 ne. Da ta Burgos wajen 4,316. Sama da eka ɗari sun ɓace tsakanin sanda biyu masu suna ɗaya. In ƙarƙashin filin akwai mai, sai ka faɗa mini ko tarihi ne kawai.

Malamin Lissafi: Kuma a lura da yadda kuskure ke girma. A tsawo kashi 1.3 cikin ɗari ne, a faɗin ƙasa ya zama 2.6, domin ya shiga sau biyu. Haka ya faru da ɗalibarmu: 45 ta fi 37 da wajen kashi 22 cikin ɗari, amma gonar ta ƙaru da kusan 48.

Mai Karatu a Osaka: Salamu alaikum manya. A Japan akasin Sikotlan suka yi, suna ɗaya sanda biyu. Shaku na magina da masu awon ƙasa santimita 30.3 ne, dokar 1891 ta ce 10 bisa 33 na mita. Na masu tufa, kujira-jaku, ya fi shi da kwata, santimita 37.9. Ken, wanda ake gina awon fili a kansa, shaku 6 ne na magina, amma 4.8 na masu tufa. Murabba'in ken shi ne tsubo, murabba'in mita 3.3, da shi dillalan gidaje suke magana har yanzu. Sai kuma tan: a gona murabba'in mita 992 ne, tsubo 300, a wurin masu kimono, rigar gargajiyarsu, kuma naɗin tufa ne na riga ɗaya, tsawonsa wajen mita 12, faɗinsa bai kai santimita 40 ba. Babu wata lamba da za ka ninka ta kai ka daga wannan zuwa wancan.

Hajiya Mai Ɗinki: Tirƙashi. Riga ɗaya da gona guda.

Ɗan Zamani: Tambaya ta gaskiya yanzu, ba gardama ba. In ina da tef ɗin tela mai kyau, inci ai inci ne. Me zai hana in auna fili da shi?

Hajiya Mai Ɗinki: Ƙanena, tef ɗin tela inci 60 ne. Kafin ka gama gefe ɗaya na fili ka ɗaga shi sau arba'in, kowace ɗagawa da kuskurenta. Kuma yana miƙewa. Ɗauki tsohon tef da sabo ka jera su a kan teburi, a farko za su tafi tare, kafin ka kai inci 50 za ka ga layukan sun fara gocewa. A riga wannan ba komai, ɗinki na shanye shi.

Injiniyan Masaƙa: Zare ma haka. Tsawon hanki ya danganta da yadda aka ja shi a keke, nauyinsa kuma da laimar iska. Shi ya sa ɗakin gwaji ake riƙe shi a zafi digiri 20 da laima kashi 65 cikin ɗari, in ba haka ba lambar zare ta safe ba za ta zama ta yamma ba. Yadi 840 ɗin nan alkawari ne a ƙarƙashin sharaɗi, ba tsawon ƙarfe ba ne.

Safiyo Mai Ritaya: Ƙarfen ma ba waliyyi ba ne. Sarƙar Gunter tana da ɗaruruwan wuraren da zobe ke gugar zobe, kowanne ya ɗan ci, sai sarƙa ta yi tsawo ba ka sani ba. Gaɓa ta lanƙwashe a cikin ciyawa, ta gajarta. Shi ya sa ake ajiye sarƙa ɗaya da ba a fita da ita, a riƙa gwada ta aiki da ita. Doguwar sarƙa kuma tana sa fili ya fito ƙarami a takarda, ba babba ba, wannan yana rikita sabbin yara sosai. Tef ɗin ƙarfe yana buɗewa da zafi, wajen milimita ɗaya a mita 100 a kan kowane digiri ɗaya, sai an yi masa gyara a lissafi. Don haka ne aka yi murna da ƙarfen inba da masanin kimiyya Guillaume ya gano a 1896, wanda zafi bai cika motsa shi ba. Masarawan dā da igiya suke auna gonakin bakin Nilu, kamu 100 a tsawo, amma su ma sandar kamu ta sarki mai wajen santimita 52 ce alƙali, ba igiyar ba.

Manomin Lambu: Gafara dai malamai, ni tawa ta aiki ce. Ragar inuwa da ake rufa wa shuka da tsawo ake sayar da ita, kamar yadi. In ina da eka ɗaya, yadi nawa zan nema? Wani ya ce mini 4,840.

Malamin Lissafi: Gaskiyarsa in faɗin ragar yadi ɗaya ne cif, inci 36. Yadin tufa tsawo ne kawai, eka kuwa shimfiɗa ce, ba sa haɗuwa sai ka kawo faɗi. Ka ninka 4,840 da 36, ka raba da faɗin ragar a inci. Mai inci 45, yadi 3,872. Mai inci 60, yadi 2,904. In da mita ake sayarwa, eka murabba'in mita 4,047 ce, raba da faɗin kawai: mai mita 2, mita 2,024, mai mita 3, mita 1,349.

Hajiya Mai Ɗinki: Malam lissafin allo ya ba ka, Alhaji. Ba a haɗa ƙyalle biyu baki da baki ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. In kowane haɗi ya ci inci 4, ragarka mai inci 60 ta koma 56, sai ka sake rabawa da 56.

Malamin Lissafi: Yadi 3,111 da ɗan kai ke nan. Hajiya ta ƙara maka sama da yadi ɗari biyu.

Manomin Lambu: To in kewaye zan yi da ita fa, kamar shinge, don iska?

Safiyo Mai Ritaya: Wannan kuma eka ba za ta faɗa maka ba, sai siffar filin. In murabba'i ne sak, kowane gefe ƙafa 208.7, kewaye yadi 278. In irin doguwar ekar Ingila ce, sarƙa ɗaya a faɗi goma a tsawo, kewayenta sarƙa 22, yadi 484. Eka ɗaya ce duka, amma shingen ya kusa ninkawa. Kada ka sayi ko taƙi ɗaya sai ka zaga gefunan huɗu da tef na ƙarfe ko na fiba mai mita 50, ka ja shi ya miƙe, ka rubuta kowane gefe daban.

Injiniyan Masaƙa: Ka kuma tambayi mai sayarwa ko faɗin da aka rubuta a jikin naɗin na raga a sake ne ko a ja. Irin saƙar nan in ka ja ta a tsawo tana tsukewa a faɗi.

Manomin Lambu: Filin ba murabba'i ba ne, gefe ɗaya ya karkace wajen rafi. Gobe in Allah ya kai mu zan auna gefunan in turo.

Safiyo Mai Ritaya: Ka haɗa da tsawon kusurwa zuwa kusurwa, ko guda ɗaya. Gefe huɗu kaɗai ba sa ba da faɗin filin da ya karkace, sai an raba shi alwatika biyu.